Tsoho na da ƙuri'a, yaro ba shi da ita

Jama'a, duk mai bibiyar siyasar Amurka ya san ba a zaɓe a can sai an ja zancen kuɗin magani. 'Yan Democrat su ce gwamnati ta ɗauki nauyi, 'yan Republican su ce baitulmali ba zai iya ba. A ganina wannan duk ado ne. Abin da ke raba gardamar shi ne wa zai fito ranar zaɓe.

Shirin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga wanda ya kai shekara 65, tun 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa masa hannu. Sai dai an bar giɓi babba: za a biya maka kuɗin gado da na likita, amma maganin da likitan ya rubuta ka je ka saya, wannan daga aljihunka. Kusan shekara arba'in ana haka. Har ta kai tsofaffi na cika bas suna tsallakawa Kanada sayen magani don ya fi araha, su kuma 'yan siyasa na rakiya da masu ɗaukar hoto.

Wa ya toshe giɓin? George W. Bush, ɗan Republican, a 2003. Jam'iyyar da kullum ke kukan gwamnati na ɓarnar kuɗi ita ta kawo shirin da aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 400 cikin shekara goma, ana saura shekara guda zaɓen 2004. A Majalisar Wakilai ma da ƙyar aka sha. Cikin dare aka bar ƙuri'ar a buɗe kusan awa uku ana lallashi da murɗe hannu, kafin ta wuce da 220 da 215.

A cikin dokar akwai wani sashe da har yau nake jin haushinsa: an haramta wa gwamnati yin ciniki da kamfanonin magani a kan farashi. Kamar a tura babban ɗan sari Kantin Kwari ne a ce masa duk abin da aka faɗa ya biya, kada ya kuskura ya taya. Billy Tauzin, ɗaya daga cikin jagororin dokar a majalisa, bai daɗe ba ya bar kujerarsa ya zama shugaban ƙungiyar kamfanonin magani ta PhRMA. Ban ce komai ba, ku dai ku auna.

To, mu leƙa ɓangaren yara. A 1997 aka kafa CHIP, shirin inshorar lafiya na gwamnati, don 'ya'yan iyalan da samunsu ya wuce a kira su matalauta, bai kuma kai su sayi inshora ba. Sanata Ted Kennedy da Sanata Orrin Hatch, ɗaya daga kowace jam'iyya, su suka haɗa kai a kansa. A 2007 majalisa ta nemi ƙara masa dala biliyan 35 cikin shekara biyar, kuma daga harajin taba sigari za a ciro kuɗin. Bush ɗin nan dai ya hau kujerar na-ƙi har sau biyu, wai hanya ce ta gwamnati ta mamaye harkar lafiya. Biliyan 400 ba ta zama mamaya ba, sai biliyan 35? Sai da Obama ya hau sannan aka sa hannu a 2009. A ƙarshen Satumban 2017 kuwa wa'adin kuɗin shirin ya ƙare, majalisa ta yi ta jan ƙafa har Janairun 2018, wasu jihohi suka fara aika wa iyaye takardar gargaɗi. Yara kusan miliyan tara ake magana. Da fansho ko maganin tsofaffi aka yi wa haka, da ba ɗan majalisar da zai iya komawa mazaɓarsa.

Kada a ce na yi son kai. 'Ya'yan talakawa tuburan suna da Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga marasa ƙarfi, kuma yana biyan kuɗin magani. Masu adawa da tsoma bakin gwamnati ma suna da hujjar da ba a yarwa: ƙirƙiro sabon magani na cin kuɗi da shekaru, in aka matse riba bincike na iya raguwa. Na yarda da rabin wannan. Amma insulin fa? Waɗanda suka gano shi sun miƙa haƙƙinsa ga Jami'ar Toronto a 1923 a kan dala ɗai-ɗai. Wane bincike ake biya bayan shekara ɗari, har mai ciwon suga ke tsimin allura don kada ta ƙare kafin albashi?

A 2022 ne aka karya wancan haramcin, da ƙuri'a 51 da 50 a Majalisar Dattawa, mataimakiyar shugaban ƙasa ta lokacin, Kamala Harris, ce ta raba. Yanzu Medicare na iya ciniki, an fara da magunguna goma, irin su Eliquis da Januvia. An ƙayyade cewa a 2025 tsoho ba zai kashe sama da dala 2,000 daga aljihunsa kan magani ba, insulin kuma tun 2023 dala 35 a wata. Madalla, tsofaffi sun cancanta, ba na yi musu hassada. Sai dai a zaman nan aka nemi wannan dala 35 ta shafi masu inshorar kamfanoni, inda ɗimbin yara masu ciwon suga suke. A wannan gaɓar ƙa'idar majalisa ta buƙaci sanata 60, aka samu 57, zancen ya faɗi.

Medicare ba ya jiran a sabunta shi, doka ce tsayayya. CHIP kuwa kuɗinsa na yanzu a 2029 zai ƙare, sai an sake zuwa majalisa roƙo. Ni da za a tambaye ni, wannan nake so a fara tsare duk ɗan takara da shi: zai mai da shirin yaran na dindindin, ko kuwa?