Faifan CD ba rumbu ba ne

Abin haushi ne yadda masu shagon kwamfuta a Katsina ke zuba wa mutane hotunan biki a faifan CD-R, wato irin wanda ake zuba wa bayanai da kwamfuta, su ce ai sun adanu ke nan. Ina! Bayanan suna kan siririn rini ne da hasken leza ya ƙona, kuma zafin Afrilu da danshin damina suna cin sa a hankali. Ga masu rubuta suna da biro a samansa, alhali ta nan rinin ya fi kusa da waje, ƙarzuwa ɗaya ta isa. Don Allah a rage gudun ƙona bayanan zuwa 8x a kwamfutar, a sa ta tantance ko sun kwafu daidai, a ajiye faifan tsaye cikin gidansa a inuwa. Kwafi na biyu kuma a sa a hard disk, wato ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta.