Ba a wasan ƙarshe Red Sox ta doke Yankees a 2004 ba

Abin yana damuna duk sanda na ji ana cewa Boston Red Sox ta ɗauki kofin besbol na Amurka a 2004 ne ranar da ta kayar da New York Yankees. Masu wannan zato suna da uzuri, domin karawar ce ta fi zama a zukatan mutane. A karawar da sai ƙungiya ta ci wasanni huɗu take wucewa, Yankees ta cinye wasanni uku na farko, na ukun ma da ci 19 da 8. A wasa na huɗu a filin Fenway, ana dab da yin waje da Boston, ɗan wasanta Dave Roberts ya sulale zuwa tasha ta biyu daga cikin tashoshin da ake zagawa a ci maki, aka rama, abokin wasansa David Ortiz ya ƙarasa aikin. Daga nan Boston ta ci sauran ukun, huɗu ke nan a jere.

Sai dai wannan zagayen kusa da na ƙarshe ne. Ƙungiyoyin biyu rukuninsu ɗaya, American League, don haka ba sa iya haɗuwa a World Series, wato zagayen ƙarshe, kamar ƙungiyoyin ƙwallo biyu da ƙuri'a ta jefa ɓangare guda. St. Louis Cardinals ce Boston ta doke huɗu da nema a zagayen ƙarshen, ta ɗaga kofin da rabonta da shi tun 1918.