Nasiha ga matasa direbobi kan gudu a hanyar tsauni da zaɓen taya da wili

Assalamu alaikum, 'yan uwana matasa masu riƙe sitiyari. Ku ara mini kunnuwanku kan abubuwa biyu da ake ganin ba su da alaƙa, alhali igiya ɗaya ce ta ɗaure su: ƙure maleji a hanyar tsauni, da sa wa mota taya da wili don ado kawai. Duk girman motarka, abin da ke taɓa kwalta a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba. A kan waɗannan tafuka huɗu birkinka yake, sitiyarinka yake, rayukan waɗanda ka ɗauko suke.

Mu fara da gudu. Idan ka ninka gudunka sau biyu, nisan da mota za ta ci kafin birki ya tsayar da ita sau huɗu yake ninkuwa. Haka lissafin yake a kwana ma: kwanar da ka sha lafiya a gudun kilomita 40, in ka shige ta a 60, riƙon da kake nema daga taya ya haura ninki biyu. Taya ba ta da wannan rarar, musamman in akwai yashi ko tsakuwa da suka gangaro daga jikin dutse, ko danshi a inda inuwa ta hana rana busar da titi. Ka gama rage gudu kafin ka shiga kwana, tun sitiyari yana miƙe. Wanda ya danne birki a tsakiyar kwana ya raba ƙarfin taya gida biyu, sai gaban mota ya ƙi juyawa ya nufi bakin rami, ko bayanta ya wulwulo. Kwanar da dutse ya kare maka gani kuwa, ka ɗauka akwai babbar mota a bayanta, ka tsaya a hannunka, kada ka yanke layi, kada ka yi gigin shan gaban kowa.

Hawa yana da wahalarsa. Iska tana raguwa a sama, injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, shi ya sa motar da ta saba wuce tirela cikin ƙiftawar ido sai ta yi nauyi a inda kake buƙatarta. Amma gangara ce ke cin mutane. Birki yana aiki ne ta hanyar juya gudu ya koma zafi. In ka ɗora ƙafa a kansa tun daga saman dutse har ƙasa, takalmin birki zai yi zafin da zai daina kamawa, ka fara jin ƙauri, ka taka da ƙarfi mota ba ta saurare ka ba. Mafi muni shi ne man birki ya tafasa. Sabon man birki nau'in DOT 3 an gindaya masa jure zafin digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, DOT 4 kuma 230, amma man birki yana shan danshi daga iska, in ya tsufa sai waɗannan lambobi su faɗo zuwa 140 da 155. Da ya tafasa sai tururi ya cika bututu, ka taka feda ta tafi har ƙasa kamar ka taka soso. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, ko da robarsa a cike take.

Maganin shi ne ka bar inji ya riƙe mota. Giyar da za ka hau dutse da ita, da ita za ka sauka: ta biyu ko ta uku, a motar otomatik kuma L ko 2 ko giyar hannu in tana da ita. Ka sauko da giyar tun kana sama. Inji zai yi ƙugi, ba laifi, aikinsa yake yi. In gudu ya ƙaru, ka taka birki sosai na 'yan daƙiƙoƙi, ka saki ya sha iska. Masu saka mota a firi don tsimin mai, ku ji tsoron Allah. Motar zamani tana yanke mai da kanta in tana gangara cikin giya ba a taka totur ba, don haka ribar da kuke hange babu ita. Kashe inji kuwa ganganci ne tsantsa: birki zai yi tauri bayan taku biyu ko uku, sitiyari ya yi nauyi, yana iya kullewa ma in makulli ya koma baya. In ka ji birki ya fara laushi, ka sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ka ja birkin hannu a hankali, ka nemi fili ka tsaya ya huce da kansa. Kada ka watsa wa farantin birki mai zafi ruwa, zai iya lanƙwashewa ko ya tsage.

To, sai taya. Ka tsuguna ka karanta gefenta, komai a rubuce yake. Misali 205/55 R16 91V. Faɗinta milimita 205 ne, tsayin gefenta kashi 55 cikin 100 na faɗin, wato kusan milimita 113, wilin da za ta hau inci 16 ne. Lamba 91 tana nufin kowace taya za ta ɗauki kilo 615, harafin V kuma iyakar gudunta kilomita 240 a awa (H 210 ne, T 190). Wannan harafi ba lasisin gudu ba ne, ma'aunin jure zafi ne. Kada ka sayi wadda lambar nauyinta ko harafinta ya gaza abin da masu ƙera motar suka rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba.

Sannan ka nemi inda aka rubuta DOT, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe. In ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba ta taɓa hawa titi ba. Daga shekara shida ka zuba mata ido, in ta kai goma a cire ta ko da zanenta yana ƙyalli. Nan ne masu sayen tayar gwanjo ke faɗawa: zane mai kyau, roba busasshiya, ga ƙananan tsage-tsage a gefe kamar faso. Tayar da ta yi ƙulu a gefe zarenta na ciki ya tsinke, faci ba ya gyara ta. Zurfin zane kuwa, ƙasashe da yawa sun sa milimita 1.6 a matsayin iyaka, amma mai bin tsauni cikin ruwan sama kada ya jira ta kai nan, daga milimita 3 ya canza. In biyu kawai za ka iya saya, a sa sababbin a baya, domin zamewar baya ta fi wuyar gyarawa a kwana. Iska kuma a auna ta da geji da safe kafin tafiya, a bi lambar jikin ƙofa. Lambar da ke jikin taya iyakarta ce, ba abin da motarka ke so ba. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana murɗewa, ta yi zafi, ta fashe.

Yanzu ga inda ƙuruciya ke shigowa: babban wili mai sheƙi da siririyar taya. Ba haramun ba ne, amma da lissafi. In ka ƙara inci a wili, sai ka rage tsayin gefen taya don tsayin ƙafar gaba ɗaya kada ya canza. 205/55 R16 tsayinta kusan milimita 632 ne, 225/45 R17 kuma 634, ka ga sun dace. In bambancin ya wuce kashi 3 cikin 100, maleji zai riƙa yi maka ƙarya, na'urar ABS mai hana taya kullewa in an taka birki ta rikice, taya ta riƙa gogar jikin mota in ka karya sitiyari. Ka kuma sani siririyar taya ba ta da tausayi: dutse ɗaya da ya faɗo kan hanya ya isa ya datse gefenta ya lotsa wilin. Wili mai nauyi kuma ƙarin aiki ne ga birki da shokazoba.

Kafin ka biya kuɗi, ka tabbatar da tsarin ramukan noti. 5x114.3 da 5x112, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3 ko 112, a ido kamar ɗaya suke, amma in aka matsa da ƙarfi sai kusoshi su zauna a karkace har su gaji su karye. Ramin tsakiya dole ya zauna cif a kan gindinsa, in ya fi shi faɗi a sa zoben da ya dace, in ba haka ba sitiyari zai yi ta rawa. Lambar ET da ke bayan wili ita ke nuna yadda zai shige ciki ko ya fito waje, kada ta yi nisa da ta asali. Wilin da ya tsage aka yi masa walda, ko jabu marar hatimin nauyin da yake ɗauka, ka bar wa mai shi kayansa.

Wajen ɗaurewa, a fara da hannu, a bi noti a gicciye kamar zanen tauraro, a ƙarasa da sifana mai auna ƙarfi. Yawancin ƙananan motoci tsakanin 100 zuwa 120 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) suke, amma littafin motarka ne alƙali. Bakaniken da ya hau kan sifana da ƙafa yana tsalle, miƙar da kusoshin yake yi. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, ka tsaya a sake bin kowane noti, sannan ka duba iskar safaya kafin ka doshi hawa.