Ba gado ne ya karya ƙugun matan Beijing ba

Wata kasuwa ta buɗe a ƙasar Sin, kuma ita ce ta hana ni yin shiru yau. Mace za ta sayi 'yar kwalba ta intanet, ta tofa yawu a ciki, ta mayar wa kamfani. Bayan 'yan makonni sakamako ya shigo wayarta: wai ƙwayoyin halittar da ta gada sun nuna ƙashinta zai zaizaye idan girma ya kama ta, ko kuma wai ta tsira. Wadda aka ce za ta kamu sai ta sallama, ta ce abin a jini yake. Wadda aka ce ta tsira sai ta saki jiki. Duka biyun an cuce su, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne da sunan kimiyya ake yin cutar.

Ba na musun gado. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma binciken da aka daɗe ana yi a kan tagwaye da 'yan gida ɗaya ya nuna cewa kashi 50 zuwa 85 cikin ɗari na bambancin ƙarfin ƙashi tsakanin mutane daga iyaye yake. Amma tsakanin "akwai gado" da "mun san ƙwayar da za ta karya ki" akwai tafiya mai nisa, kuma masu kwalbar yawu sun fi kowa sanin haka.

A 1994 wasu masu bincike a Sydney ta Ostireliya suka wallafa a mujallar Nature cewa ƙwayar halitta guda, wadda ke karɓar bitamin D a jiki, ake ce mata VDR, ita ke ɗauke da mafi yawan gadon ƙarfin ƙashi. Duniya ta ɗauka. A 1997 su da kansu suka fito da gyara, saboda an yi kuskure wajen tantance wasu samfuran. Da aka zo kan matan Sin kuwa, sai aka tarar nau'in ƙwayar da aka ɗora wa laifin ma ba kasafai ake samun sa a jikinsu ba. A 1996 masana a Aberdeen ta Sikotland suka gano wani sauyi a ƙwayar COL1A1 da ke da alaƙa da karaya a matan Turai. Aka nemi wannan sauyi a Sinawa, kusan babu shi kwata-kwata. To waɗannan ƙwayoyi biyu har yau ana samun masu gwajin yawu suna kafa hujja da su. Ta yaya za a auna mace 'yar birnin Guangzhou na ƙasar Sin da mudun da aka sassaƙa don 'yar Aberdeen?

Da Sinawa suka duba nasu da kansu, sun ga wani abu dabam. A 2010 Farfesa Annie Kung da abokan aikinta a Jami'ar Hong Kong suka binciki mata 800 'yan kudancin Sin, suka gano ƙwayar JAG1 tana da hannu a ƙarfin ƙashi. Aiki ne mai kyau, amma ɗigo ne a cikin kogi. Babban binciken da aka fitar a 2019, wanda ya shafi mutum sama da 426,000 a Birtaniya, ya gano wurare 518 a jerin ƙwayoyin halitta masu taɓa ƙashi, kuma duk aka tara su kashi 20 cikin ɗari kawai suka iya bayyanawa na bambancin da ke tsakanin mutane. Fararen fata ne aka yi binciken a kansu. Dama kusan kashi 79 cikin ɗari na mutanen da ake irin wannan nazari da su 'yan asalin Turai ne, alhali ba su wuce kashi 16 na al'ummar duniya ba. Mu 'yan Afirka kasonmu a ciki bai fi kashi 2 ba, don haka ranar da kwalbar nan ta iso Kano ko Maraɗi, kuskurenta a kanmu sai ya fi wanda take yi a kan Sinawa.

Amma hujjata mafi ƙarfi a asibitocin Beijing take. Tsakanin 1990 da 1992 an ƙirga karayar ƙugu a birnin, aka tarar tana cikin mafi ƙanƙanta a duniya, duk da cewa na'ura tana nuna ƙashin matan Sin bai kai na Turawa cika ba. A lokacin ma gado aka jingina wa abin: aka ce wuyan ƙashin cinyarsu gajere ne, shi ya sa ba ya saurin ɓallewa. Da aka sake ƙirgawa tsakanin 2002 da 2006, karayar ƙugu a matan da suka haura shekara 50 ta ninka fiye da sau biyu da rabi. Kimanin shekara goma sha biyar kacal. Wace ƙwayar halitta ce ke canzawa cikin shekara goma sha biyar? Hong Kong ta ga irin wannan hauhawa tun daga shekarun 1960, haka ma Singafo, wadda yawancin mutanenta Sinawa ne. Masu cewa ƙirga ce kawai ta inganta sai su faɗa mana me ya sa labarin ya zama iri ɗaya a birane uku da suka bunƙasa a lokuta dabam-dabam.

Rayuwa ce ta canza. Matar da ta saba tuƙa keke zuwa aiki, tana hawa bene da ƙafa, tana tsugunno wajen girki da bayan gida, ta koma mota da kujera da na'urar hawa bene. Tsokar cinya ta saki, faɗuwa ta zo da sauƙi. Ga gudun rana don neman hasken fata, har lema ake riƙewa ba ruwan sama, alhali da hasken rana fata ke haɗa bitamin D. Ga abinci: kalsiyam, sinadarin gina ƙashi, da Basine ke samu a rana bai kai miligiram 400 ba a matsakaici, rabin 800 ɗin da masanan ƙasar suka ba da shawara ke nan. Gaskiya ne yawancin Sinawa cikinsu ba ya karɓar madara, kuma wannan gado ne, amma akwai awara da ganye da ƙananan kifaye da ake ci da ƙaya. Kada kuma a manta cewa tsofaffin yau su ne yaran da suka taso cikin yunwar 1959 zuwa 1961, ƙashi kuwa kafin shekara 30 ake gama gina shi. Duk wannan an tsallake, an bar jaki ana dukan taiki.

A watan Oktoba na 2018 Hukumar Lafiya ta ƙasar Sin ta fitar da sakamakon bincikenta na farko a kan wannan cuta a faɗin ƙasar. Kashi 32.1 cikin ɗari na matan da suka wuce shekara 50 suna da zaizayar ƙashi, maza kuma kashi 6. A matan da suka wuce 65, adadin ya kai kashi 51.6. Sai abin takaicin: cikin 'yan sama da shekara 50, kashi 3.7 ne kacal aka taɓa auna musu ƙashi da na'ura, kuma kashi 7 ne kawai na masu cutar suka san suna da ita. Ƙasar da take cikin wannan hali ce ake tallata wa kwalbar yawu.

Za a ce min gwajin ƙwayoyin halitta shi ne likitancin gobe. Idan goben ta zo ma gani. Matar da za ta faɗi a banɗaki cikin sanyin bana ba za ta jira ta ba.

Kuɗin nan gara a zuba su wajen kai na'urar auna ƙashi ta DXA asibitocin gundumomi, a kuma koya wa ma'aikatan lafiya tambayoyin da ba sa cin ko sisi. Wanda ke son sanin gado, ya tambayi mace ko mahaifiyarta ko mahaifinta sun taɓa karyewa a ƙugu. Ma'aunin haɗarin karaya mai suna FRAX da Jami'ar Sheffield ta Ingila ta fitar a 2008 yana yin wannan tambayar, kuma akwai sigarsa ta Sinawa. Akwai kuma OSTA, lissafin da aka tsara wa matan Asiya tun 2001: a cire shekarun mace daga nauyinta na kilo, a ninka abin da ya fito da 0.2. Mace mai shekara 70 da kilo 45 za ta samu 5 ƙasa da sifili, wato tana cikin babban haɗari, a tura ta awon ƙashi a makon nan. Sikeli kawai ake buƙata da sanin shekarunta.