Allurar da ke Dawo da Numfashi Ta Daɗe a Kulle a Kabad ɗin Asibiti

Wanda ya sha taramol ko kodin fiye da kima ba ya mutuwa da ihu. Kwanciya yake yi, ya kama wani irin munshari mai kama da kakari. Abokansa a majalisa su ce a ƙyale shi, in ya yi barci zai wartsake, ko a lallaɓa da shi ɗaki a ja masa ƙofa kada mahaifinsa ya gan shi a haka. Da asuba a je tashinsa salla a tarar rai ya yi halinsa. Sau da yawa tsakanin munsharin nan da mutuwar akwai tazara mai tsawo, kuma akwai maganin da ke dawo da numfashi cikin minti 2 zuwa 3. Sunansa nalokson. Inda aka saba ajiye shi shi ne ɗakin tiyata da sashen gaggawa na manyan asibitoci, alhali masu buƙatarsa a lungunan Rigasa da Tudun Wada da Kakuri da Sabon Garin Zariya suke faɗuwa. Ya kamata a fito da shi a raba shi a unguwannin Jihar Kaduna, a horar da mutane yadda ake amfani da shi.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya na ta'ammali da kayan maye. Daga ciki, miliyan 4.6 magungunan asibiti dangin ofiyom suke sha ba bisa ƙa'ida ba, irin su taramol da kodin. A watan Mayu na shekarar ne gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, amma kasuwa ba ta mutu ba, sauya riga ta yi. Taramol ɗin da doka ta yarda da shi miligiram 50 ne da 100, likita kuma ba ya wuce 400 a yini. Na bayan fage 225 ne, wato ƙwaya biyu kacal sun haura iyakar yini guda.

Yadda waɗannan ƙwayoyi ke kisa ba shi da sarƙaƙiya. Suna danne wurin da ke tafiyar da numfashi a ƙwaƙwalwa, numfashin ya yi ta raguwa har ya tsaya. Alamomi uku ake dubawa: mutum ba ya farkawa ko an kira sunansa an murza masa ƙashin ƙirji da gaɓoɓin yatsu; ɗan baƙin tsakiyar idonsa ya tsuke kamar kan allura; numfashinsa ya yi ƙasa. Lafiyayyen baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. In ka ƙirga ka ga bai kai 10 ba, ko yana yi yana yankewa, lamari ya ɓaci. Littattafan Turawa na cewa a duba ko leɓe ya yi shuɗi. A fatarmu toka-toka yake yi, gara a duba dasashi da ƙasan farce.

Abin da aka saba yi a unguwa kuwa shi ne sheƙa ruwa, ɗura madara ko manja, goga albasa a hanci. Ruwan da albasar ɓata lokaci ne. Ɗurar kuwa kisa ce, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, abin huhunsa yake gangarawa. Abin yi shi ne a tura mutum guda ya nemo mota ko keke, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a duba ba komai a bakinsa, a toshe hancinsa a hura masa iska ta baki sau ɗaya duk daƙiƙa 5, ana kallon ƙirjinsa na tashi. Sai allura. Kwalbar nalokson da aka fi sani miligiram 0.4 ce a cikin mililita 1. A fasa wuyanta, a zuƙe duka a sirinji, a soka a naman cinya ta gefen waje, ko ta saman wando ne. A ci gaba da hura iska. In minti 2 zuwa 3 suka wuce bai motsa ba, a ƙara wata. Akwai na fesawa a hanci mai miligiram 4, wanda Amurka ta yarda a sayar ba da takardar likita ba a 2023. Shi feshi ɗaya ne tak a ciki, wanda ya danna don gwaji ya zubar da shi ke nan. Da numfashi ya dawo, a juya mutum ya kwanta ta gefe, gwiwa a lanƙwashe, saboda amai.

Daga nan ne ake yawan yin kuskure. Ƙarfin nalokson minti 30 zuwa 90 ne, ƙwayar da ke ciki kuwa ta fi shi daɗewa. Mutum zai farka, ya yi masifa ya ce lafiyarsa ƙalau, a watse a bar shi, bayan awa guda ya sake komawa. Farkawa ba sallama ba ce, asibiti ya zama dole. Wanda jikinsa ya saba da ƙwaya kuma zai tashi da gumi da amai da ciwon gaɓoɓi, ya nemi ya ƙara sha don ya ji sauƙi. Shi ya sa ake farawa da kwalba ɗaya, ba a dankara masa uku lokaci guda ba.

Duk horarwar da za a yi a Kaduna ba za ta yiwu a kwafo ta daga ƙasashen da matsalarsu hodar heroin ta allura ce ba, domin namu gauraye ake sha. Nalokson ba ya taɓa giya ko ƙwayoyin sa barci irin su diyazafam da roci. Ƙwayar tafentadol da aka cakuɗa da karisofrodol, wadda Indiya ta hana yi a watan Fabrairun 2025 bayan an bankaɗo yadda ake jibgo ta Afirka ta Yamma, rabinta kawai allurar ke warwarewa. Taramol kuma yana da nasa sharrin na daban: yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, allurar ba ta tsayar da ita, takardar maganin ma ta yi gargaɗin tana iya ƙara haɗarinta. Duk da haka, in numfashi ya tsaya a yi allurar, domin ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintuna. In jijjiga ta zo, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki.

Akwai masu cewa raba wannan magani ɗaure wa shaye-shaye gindi ne. Damuwar ta iyaye ce, ba a raina ta, sai dai ba ta zauna daidai ba. Nalokson ba ya sa maye, ba ya yi wa wanda bai sha komai ba wani tasiri, kuma duk wanda aka taɓa farkar da shi da shi ba ya marmarin a sake. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2014 ta ba da shawarar a sa shi a hannun waɗanda ake sa ran abin zai faru a gabansu. A wani gwaji da aka yi a Kazakistan da Kirgistan da Tajikistan da Yukren an horar da sama da mutum 14,000, kuma kusan duk waɗanda aka yi wa amfani da maganin sun rayu. Wa'azi da nasiha da gyaran hali duk sai mai rai ake yi wa su.

Jihar Kaduna ba daga tushe za ta fara ba. Tana da hukumar KADSAMHSA mai kula da shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, ga cibiyoyin lafiya na matakin farko a mazaɓu 255. A ajiye allurar a kowace cibiya, a horar da masu kemis, tunda ƙofarsu ake fara bugawa da tsakar dare kuma dama suna yin allura ko an yarda ko ba a yarda ba. A haɗa da shugabannin tasha da na 'yan keke. Jakar nalokson da za a raba musu ba ta buƙatar wani tarkace: kwalba biyu, sirinji biyu, safar hannu, da takarda mai hotuna da Hausa. A ajiye ta a inuwa, ba a aljihun babur cikin zafin watan Afrilu ba, a riƙa duba ranar lalacewarta.

Abin da zai iya kashe shirin shi ne tsoro. Yaron da ya san in ya kai abokinsa asibiti za a riƙe shi da tambayoyi, ajiye shi zai yi a bakin ƙofa ya gudu, ko ya ƙi kai shi sam. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa ko da wane dalili. Saura NDLEA da 'yan sanda su fito fili su ce wanda ya kawo mutum ko aka gan shi da jakar nalokson ba abin kamawa ba ne.

In kuɗi bai isa a rufe ko'ina ba, a fara da ƙofar fita daga gidan yari da wuraren gyaran hali. Wanda ya yi wata uku bai sha ba, jikinsa ya manta da ƙwayar, amma shi bai manta adadin da yake sha ba. In ya koma kan adadin nan a makonni biyun farko, shi ne lokacin da ya fi kowane haɗari. Ranar sallama a zaunar da mahaifiyarsa ko matarsa ko yayansa na minti 20, a ba su sirinji da lemon zaƙi su gwada sokawa har hannu ya daina rawa, sannan a miƙa musu jakar su tafi da ita gida.