Yadda Kawu Ya Tsare Cikinsa a Dalat

Kawuna mutum ne da ko a Kano ba ya cin tsiren da bai san mahaucinsa ba. Da shi Allah ya haɗa ni tafiya Biyetnam sarin takalma, shi ne mai kuɗi, ni ne mai riƙon jaka da waya. Kayan da muka biya a birnin Ho Chi Minh aka ce sai mun jira a gama ɗinki, ga zafin garin ya hana Kawu barci. Wani mai shago ya ce mu hau tudu mu sha iska a Dalat, garin sanyi da furanni, wai duk wanda ya je bai dawo da tumbi ba to wani garin ya je.

Motar dare muka shiga, irin mai gadaje hawa biyu, wadda tun daga ƙofa ake miƙa maka leda ka zuba takalminka. Tafiyar wajen kilomita 300 ce. Wanda ya auna gadon nan bai taɓa ganin mai tsawon Kawu ba, don haka a naɗe ya kwana yana istigfari a kowace kwana. Da asuba aka sauke mu a garin da ke bisa tudu mai tsayin mita 1,500, wanda Turawan Faransa suka gina don gudun zafi bayan wani likitansu, Alexandre Yersin, ya iso wurin a 1893. Ni da ƴar shara na sauka. Haƙorana ne suka fara gaishe da mutanen gari.

Kafin mu taka ko'ina Kawu ya kafa doka. Ya sa na rubuta a waya, manhaja ta juya zuwa yarensu: ba ma cin alade, ba ma cin kitsensa, ba ma cin naman da ba Musulmi ya yanka ba. Ya ce, "Kai ne bakina, kai ne idona. In na ci haram a garin nan, a wuyanka."

Layin farko da muka tarar na masu karyawa da banh mi xiu mai ne. Burodi mai ɓawo da zafinsa, a gefe ƴar tasa ta romo da curin nama a ciki, lawashi na yawo a sama, mutum ya yagi burodi ya tsoma yana lumshe ido. Na nuna wa mai sayarwa wayata. Ta karanta, ta dubi tukunyarta, ta dube mu da tausayi, ta girgiza kai. Curin nan alade ne tsantsa. Kawu ya ja ni gaba yana toshe hanci da hula, ni kuwa cikina bai san fikihu ba, sai kuka yake.

A wani lungu muka ci karo da abin da ya sa Kawu ya tsaya cak. Wata tsohuwa ce zaune gaban tanda ta ƙasa mai ramuka bisa garwashi, tana zuba ƙullun shinkafa, tana fasa ƙwan salwa a kan kowanne, tana rufe kowane rami da ɗan murfinsa. "Waina!" in ji Kawu, kamar ya ga ɗan'uwa a tasha. Sunanta banh can, kuma wallahi da za a kai ta Bauchi da ta samu dangi, sai dai ita ba a zuba mata mai, kuma ba ta kai rabin tamu ba. Matsalar a wajen miya take: ruwan kifi ne mai gishiri da lawashi, kuma cikinsa ma sukan jefa curin naman nan. Kawu ya ce a bar miya. Ya zura hannu a aljihun babbar riga ya fito da ƙullin yajin ƙuli da ya taho da shi tun daga gida. Tsohuwar ta leƙa, ya ɗan zuba mata a tafin hannu, ta lasa, ta yi tari har da hawaye, sannan ta sake miƙo hannu. Mun ci faranti a kan faranti. Da aka zo biya aka ce dubu ashirin da biyar kowanne, Kawu ya miƙe zai yi faɗa, sai da na rantse masa dong 25,000 ɗin nan bai fi dala ɗaya ba.

Da yamma na lallaɓa shi muka je gidan da ake yin lau ga la e, abincin da kowa ya ce kada mu kuskura mu bar gari ba mu ci ba. Tukunya ake ɗorawa a kan ɗan risho a tsakiyar tebur, romon kaza na tafasa da barkono kore da naman kaza da tohon gora, a kawo tulin wani ganye dangin ɗoɗɗoya mai ƙamshin lemon tsami, kai da kanka kake tsomawa ka tsame kafin ya yi laushi. A wannan sanyin, tururin kaɗai ya isa mutum ya yafe bashi. Kawu ya zauna, ya shaƙa, ya haɗiyi yawu, sannan ya ce, "Tambaye su wa ya yanka kazar."

"Kawu, don Allah."

"Ka ce su kawo mai rai, ni zan yanka. Ga wuƙata."

Ban san me manhajar ta faɗa wa mai gidan ba. Na dai ga ya karanta, ya kalli Kawu da ke lalube a aljihu, ya ja baya taku biyu ya kira matarsa. Matar ce ta gane, ta kai mu bayan kicin ta buɗe firji ta nuna mana kaji a jere, figaggu, kowacce ta daɗe da riga mu gidan gaskiya. Muka fito da yunwarmu.

Na ce to mu nemi gidan cin ganyayyaki na mabiya Buddha, waɗanda ke rubuta chay a ƙofa, ko ƙwai wasu ba sa sakawa. Nan ma ba mu tsira ba. Sun ƙware wajen sarrafa waken suya ya fito sak nama, har da layin kitse. Kawu ya juya yankan da cokali ya ce shi ba yaro ba ne, ya san alade in ya gan shi. Na ce Kawu a ina ka taɓa ganinsa? Ya ce in rufe masa baki. Farar shinkafa ya ci da yajinsa.

Kasuwar dare ta ɗan wanke mana zuciya. A matakalar da ke gangarowa kasuwa mata ke gasa banh trang nuong: faifan shinkafa siriri a kan garwashi, a fasa ƙwai a baza, a watsa lawashi da busasshen jatan lande, a naɗe a takarda. Suna ƙara yankakken tsiran alade, don haka na tsaya a kan mai gashin ina gadi, duk sanda hannunta ya nufi wannan roba sai in ce "A'a!" har ta koyi kalmar tana maimaita wa maƙwabciyarta suna dariya. Muka kora da madarar waken suya mai zafi, a kan kujerun roba da ba su kai gwiwa ba. Ni na ƙara da kem bo, fiya da aka niƙa aka ɗora mata askirim na kwakwa. Kawu ya ce shan ƙanƙara a wannan hunturu alamar rashin tarbiyya ce, sannan ya karɓi cokalin ya shanye rabi.

Washegari direban tasi ya kai mu wata gonar kofi a bayan gari. Biyetnam ce ta biyu a duniya wajen noman kofi bayan Barazil, kuma a tuddan nan ake noma mai ƙamshin. Kawu ya saki jiki a karon farko. Ya ce, "Ka ga wannan? Ɗan itace ne da ruwan zafi. Babu yanka, babu kitse. Ajiye wayar nan ka huta." Da kansa ya nuna mafi tsada a jerin, wai tunda an hana shi nama bari ya more kuɗinsa. Aka kawo ɗan gwangwanin tacewa a bisa kofi, yana ɗiga a hankali. Ya kurɓa ya ce, "Allahu Akbar." Ya shanye ya nemi na biyu, har yana min gori wai yaran zamani ba mu san abu mai kyau ba.

Yarinyar da ke kula da baƙi ta ji daɗin yabon, ta ce mu zo mu ga masu aikin. Muka bi ta muna zaton manoma za mu gaisa da su. Keji ne a jere, a ciki wasu dabbobi dangin jibda suna barci. Ta ɗauko faranti ta nuna mana wasu dunƙule-dunƙule busassu, ƙwayoyin kofi manne da juna. Ta yi bayani da hannu, kuma bayanin bai buƙaci manhaja ba: ta nuna bakin dabbar, ta shafa cikinta, sannan ta nuna ƙarƙashin wutsiya. Dabbar ke cin nunannun ƴaƴan, ƙwayar ta fito ta baya ba ta narke ba, a tsince, a wanke, a shanya, a soya.

Kawu bai ce komai ba. Ya cire hula, ya mayar. Ya dubi dabbar, ita ma ta buɗe ido ɗaya ta dube shi.

"Kai ne idona," ya ce a hankali.

"Kawu, kai ka ce in ajiye wayar."

Na yi maza na shiga intanet neman mafita, Allah ya taimake ni na samo cewa majalisar malaman Indunusiya ta ba da fatawa a 2010 cewa irin wannan kofi halal ne muddin an wanke ƙwayar da kyau. Na karanta masa har sau biyu. Ya yi tsaki ya ce su Shafi'awa ne, shi Bamalike ne, kuma ko Imamu Malik da kansa ya halatta, ba a gaya wa mutum irin wannan magana bayan ya sha kofi biyu. Ya nemi ruwa ya kurkure baki ya fi a ƙirga, yarinyar na tsaye da faranti tana tambayata ko bai ji daɗi ba ne.

A mota ya yi min kashedi: in labarin nan ya isa Kantin Kwari, in nemi wani kawun. Muna gab da shiga gari ya taɓa kafaɗar direba ya ce a juya. Ƙaramin ƙunshi ya saya, aka naɗe masa da kyalle mai kyau, ya ce tsarabar surukinsa ce, wanda ya ci masa bashi tun bara.