Na kai a kwafe min saƙon sirri, yaron shago ya “gyara” min shi

Tun ranar Alhamis nake danne wannan magana, yau dai sai na amayar da ita. Ni malamin tarihi ne a wata kwaleji a nan Garwa, ina riƙe da ajin da zai zauna BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, bana, yara 94 a ɗaki ɗaya. Mun iso kan yaƙe-yaƙen duniya biyu, na ga idan na ci gaba da zubo musu shekaru da sunayen janar-janar a wannan zafi na Afrilu, rabin ajin barci zai kwashe. Sai na ce bari in shigo musu ta ƙofar da suka sani. Wane yaron Bahaushe ne bai yi zaurance ba don kada iya ta gane inda aka nufa da yamma? To manyan ƙasashe ma zaurance suka yi a fagen daga, nasu dai da lissafi ne, kuma rayuka ne a kansa.

Dare uku na yi ina shirya takardun da fitilar waya, don wutar unguwarmu ta zama baƙon da ba ya sallama, zuwa da tafiya. Shafi na farko dabarar Yuliyus Kaisar ce: kowane harafi a tura shi gaba taki uku, A ta koma D, E ta koma H. Kalmar ATTAQUE sai ta fito DWWDTXH. Na zana da'ira biyu, babba da ƙarama, kowace da haruffa 26, yaro ya yanke da almakashi ya soka ƙusa a tsakiya ya riƙa juyawa. Shafi na biyu saƙo ne mai tsawo da Faransanci, na ɓoye shi, na yanka shi haruffa biyar-biyar yadda masu aika saƙon soja suka saba yi. Labarin rundunar kwamandan Faransa Leclerc na sa a ciki, wadda ta tashi daga Cadi ta ratsa hamada ta karɓe garin Kufra na Libiya a hannun Italiya ranar 1 ga Maris 1941. Nufina su fasa shi ba tare da na ba su mabuɗi ba, ta hanyar da masanin nan Balarabe al-Kindi ya rubuta a Bagadaza tun ƙarni na 9: ka ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa. A Faransanci E ce sarauniya. Yaron da ya ga H ta cika takarda, ya kama bakin zaren.

Litinin na je shagon fotokofi, babu wuta. Talata na koma, wuta ta zo amma tawadar injin ta yi ƙasa, abin da ya fito kamar an rubuta da ruwan shinkafa. Mai shagon ya ce, “Malam, bar su nan, yaro zai buga maka a kwamfuta, mu fitar da su fes a ɗaya injin.” Na ja yaron gefe na ce masa, “Ɗana, ka ga rubutun nan ba shi da ma'ana ko? Haka nake son shi. Harafi ɗaya kada ka taɓa.” Ya ce, “An gama, Malam,” idonsa na kan wayarsa. Shafi 188 a kan sefa 25, ga kuɗin bugawa 1,000, jimla 5,700. Daga aljihuna, ba daga asusun makaranta ba, don can idan ka nemi takarda sai a ce ka rubuta buƙata ka jira, alli ma ƙirga mana ake yi. Na karɓo damin a safiyar Alhamis, mai babur yana jirana a bakin titi, ƙararrawa saura minti ashirin. Ban duba ba. Wannan kam laifina ne, na ɗauka.

Darasin ya fara da daɗi, abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan. Na ba su labarin wayar tangaraho ta Zimmermann, ministan harkokin wajen Jamus, ta Janairun 1917, da Jamus ta aika wa Meziko tana zuga ta a kan Amurka, masu fasa sirri na Ingila suka kama suka warware, wata uku ba su cika ba Amurka ta faɗa yaƙin. Na ba su na Enigma, injin ɓoye saƙo na Jamusawa mai fayafai masu juyawa, wanda wani matashin masanin lissafi ɗan Poland, Marian Rejewski, ya fara gano cikinsa a ƙarshen 1932, kafin Alan Turing da abokan aikinsa su ɗora a Bletchley Park, cibiyar fasa sirri ta Ingila. Na gaya musu injin nan yana da wani ɗan aibi: ba ya taɓa mayar da harafi ya zama kansa, A ba za ta fito A ba har abada, kuma wannan ƙaramar kafa na cikin inda aka bi aka shige shi. Da na kawo na 'yan ƙabilar Nabaho, 'yan asalin Amurka, waɗanda sojan ruwan Amurka suka ɗauka tun 1942 suna aika saƙo da harshensu na gado, suna kiran tankar yaƙi kunkuru, jirgin ƙarƙashin teku kuma kifin ƙarfe, ajin ya kaure da dariya. Wani daga baya ya ce, “Malam, ashe da Fulatanci ma za a iya cin yaƙi!” Ban taɓa ganin 'yan bencin baya a farke haka ba.

Sai na raba takardu.

Minti goma shiru, ana ƙirge. Daga nan hannuwa suka fara tashi. Wannan ya ce da'irarsa ba ta hawa, wancan ya ce kalmar farko ta fito, ta biyu shirme. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta taso har gaban allo ta ce, “Malam, ƙaramar da'irar haruffa 25 ne, babu W.” Na karɓa na duba, gumi ya karyo min. Babu W. Ya kuma ƙanƙance da'irar don ta shiga gefen shafi, layukan ba sa haɗuwa da na babbar. Na juya shafi na biyu, nan na ga gyaran gangar Auzinawa. Gungun haruffa biyar-biyar ɗin nan ya haɗe wasu ya raba wasu. Inda na rubuta WW ya share ɗaya. Inda haruffa suka yi kama da wata kalmar Faransanci ya ƙarasa ta, har da wasali mai hula. Layi guda cur ya tsallake. Yara 94 suna kallona, awa ɗaya kawai gare ni da su, ga manhaja tana kora ta. Na tattara takardun na hau allo da guntun alli, na bayan ba sa gani, na gaban suna kwafa da kuskure, kafin in kai rabin saƙon an kaɗa ƙararrawa. Wanda ya yi maganar Fulatanci ya riga ya kifa kai a benci.

Ana tashi ban ko biya gida ba. Na shimfiɗa takardata ta asali da tasu a kan kanta na ce, “Alhaji, dubi nan, dubi nan.” Ya kira yaron. Ko a jikinsa, ya ce, “Ai kwamfuta ce ta ja musu jan layi duka, Malam, na ga kamar kuskure ne shi ya sa na taimaka maka.” Taimako! Na ce ba na ja ka gefe ba? Ba ga lambar wayata a saman takardar ba? Kira ɗaya zai gagare ka? Ya yi shiru yana sosa ƙeya. Alhajin kuwa sai ya ɗauko maganin da ake ba kowa a garin nan: “Sai haƙuri, Malam.” Kuɗina fa? Takarda ta riga ta ci tawada, ba a mayarwa. A sake min? Sai dai in biya rabi, kuma sai wuta ta dawo.

Wannan “sai haƙuri” ita ta ishe ni. Tela ya ɓata maka yadi, sai haƙuri. Wuta ta tafi kwana biyu a tsakiyar bazara, sai haƙuri. Ba wanda zai buɗe baki ya ce ni na ɓata, ni zan gyara. Kuma ba ƙyashin yaron nake ba, na san abin da ake ba shi bai taka kara ya karya ba. Amma wanda ya zaunar da shi gaban kwamfuta bai taɓa koya masa cewa aikinsa ya kwafe abin da aka kawo ba, ba abin da yake ganin ya kamata a kawo ba. Yau darasina ne. Gobe takardar gadon wani ce, ko lambar fili, ko sunan ɗalibi a takardar jarrabawa, ya ga bai yi masa daidai ba ya “taimaka”.

Rabin da ya nema ban biya ba, ba kuma zan biya ba. Na sayo kwali biyu a babbar kasuwa, yarinyar da ta gano W da ƙawayenta uku sun ce za su zana da'irorin da hannu ranar Asabar, guda goma sha biyu, kowane rukuni ɗaya. Takardu 188 ɗin nan kuwa suna nan a kan tebur, maiɗakina ta riga ta tambaya ko ta ba mai ƙosan ƙofar gida.